Fairuz: Daga Ramukan Sina'i Zuwa Zoben Alhaji

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya sha jin an ce "Muslim ne ya ruwaito shi," amma kaɗan ne ke tambayar garin da Imamu Muslim ya fito. Naisabur ne, wani tsohon birni a Khurasan, arewa maso gabashin Iran ta yau, kuma a can ya rasu a shekara ta 261 bayan Hijira, wato 875 Miladiyya. Garin malamai ne na gasken gaske. Hakim mai Mustadrak ɗan can ne, Ƙushairi mai Risala a can ya zauna har ya koma ga Allah. Sai dai ba malamai kaɗai Naisabur ta aika duniya ba. Kimanin kilomita 50 arewa maso yamma da birnin akwai wani ƙauye a gindin duwatsu da ake kira Ma'adan, inda fiye da shekara dubu ke nan mutane suna shiga rami da fitila suna fitowa da wani ɗan dutse shuɗi. Shi ne fairuz, wanda ake gani a kan zoben azurfa a yatsan alhazai.

Wanda ya riƙe na kirki a tafin hannu ba ya mantawa da shi. Ba ya walƙiya irin ta lu'ulu'u, haske kuma ba ya ratsa shi. Sheƙinsa a kwance yake, kamar an shafe shi da kaki. Launinsa yana kamawa daga shuɗin sararin sama har zuwa kore, wani fes ba tabo, wani kuma da jijiyoyi baƙaƙe ko ruwan ƙasa sun ratsa shi kamar saƙar gizo. Waɗannan jijiyoyin ragowar uwar dutsen ne da ya tsiro a cikinta. Fairuz ba a can ƙarƙashin ƙasa mai zurfi yake samuwa ba. Ruwan sama ne ke tsiyaya a hankali cikin tsagar duwatsun da ke ɗauke da jan ƙarfe, ya haɗu da alminiyon da sinadarin fosfet, ya bushe ya bar shi a tsagar. Jan ƙarfen ne ke ba shi shuɗi, in baƙin ƙarfe ya yi yawa a ciki sai ya karkata zuwa kore. Wannan aiki yana son ƙasa busasshiya, shi ya sa yawancin manyan ma'adinansa suke wuraren ƙarancin ruwa: Sina'i, Khurasan, Arizona, Nebada. Ƙasar Hausa ba ta cikin wuraren da aka sani da haƙo shi. Duk wanda ke hannunmu baƙo ne, kuma da wuya baƙon nan ya iso da sunansa na gaskiya.

Tarihinsa da aka rubuta ya fara ne a Masar. A shekarar 1901 ma'aikatan wani Bature mai tonon kayan tarihi, Flinders Petrie, suna share kabarin Sarki Djer a Abidos, sarkin da ya yi mulki wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai suka ga wani hannun mutum naɗe da ƙyalle an cusa shi a wani rami jikin bango. Da alama wani ɓarawon kabari ne ya ɓoye shi bai samu dawowa ba. Da aka kwance ƙyallen sai ga awarwaro huɗu na zinariya da duwatsu, fairuz na cikinsu. Suna cikin kayan adon fairuz mafi tsufa da aka samu a haɗe yadda maƙerinsu ya bar su, kuma suna nan a gidan tarihi na Alƙahira.

Dutsen daga Sina'i ya zo, daga wurare biyu: Wadi Magara da Sarabiɗul Khadim. Fir'aunoni ba su ɗauki wurin da wasa ba. A jikin duwatsun Wadi Magara an sassaƙa hotunan sarakuna irin su Zosar da Sinefiru da Khufu mai babbar dala, kowannensu ya ɗaga kulki a kan wani baƙauyen hamada, don kowa ya san mai wurin. A Sarabiɗ kuwa sun gina ɗakin bauta ga gunkiyarsu Hathor, wadda suke wa kirari da uwargijiyar fairuz. Ayari ake tadawa daga bakin Nilu, da jakuna da magatakarda da masu fasa dutse, a tafi a lokacin sanyi a dawo kafin zafi ya kama.

Wani jami'in fada mai suna Horwerre ya bar mana labarin tafiyar da ta saɓa wannan ƙa'ida. A shekara ta 6 ta mulkin Amenemhat na Uku, wajen 1850 kafin Miladiyya, aka tura shi da bazara. Ya rubuta a kan wani allon dutse cewa ya tarar da hamada tana ƙuna, duwatsu suna toya fata. Da ya tambayi tsofaffin ma'aikata, suka ce masa fairuz kam yana nan cikin dutse har abada, launinsa ne ba ya yin kyau a wannan mugun lokaci. Ya daure, ya ƙarfafa wa mutanensa gwiwa, ya ce ya koma gida da abin da aka aike shi nema. Abin lura a nan shi ne maganar ma'aikatan. Shekara kusan dubu huɗu da suka wuce sun riga sun gane abin da har yau yake cutar masu saye: launin fairuz ba abin dogaro ba ne, yana iya kyau a bakin rami ya koɗe bayan ya sha rana. Wani tsohon sojan Ingila, Manjo Macdonald, ya zauna a Wadi Magara a tsakiyar ƙarni na 19 yana haƙa, wannan koɗewar ce ta karya shi.

Akwai wani abu da ramukan Sarabiɗ suka bar wa duniya wanda ya fi dutsen kansa daraja. Cikin ma'aikatan akwai Kan'aniyawa, mutanen da harshensu ɗan'uwan Larabci ne. Suna ganin rubutun Misirawa mai ɗaruruwan alamomi ba su iya karanta shi ba, sai aka samu waɗanda suka ɗauki 'yan hotuna kaɗan suka ba kowanne sauti ɗaya daga harshensu: kan sa, gida, ruwa, ido. Petrie da matarsa Hilda suka ga waɗannan zane-zane a jikin duwatsu a 1905, Alan Gardiner kuma ya fara warware su a 1916. Suna cikin rubutun baƙaƙe mafi tsufa da aka sani. Kan san nan shi ne ya zama alif ya kuma zama A, gidan ya zama ba ya kuma zama B. Ajamin da kakanninmu suka yi wasiƙu da shi da bokon da ake karanta wannan shafi da shi, dukansu jikokin rubutun nan ne na mahaƙa fairuz.

Misirawan nan kuma tun da wuri suka fara yin kwaikwayonsa. Da yake dutsen bai wadata ba, sai suka riƙa niƙa dutsen ƙanƙara, su kwaɓa da kanwa da ɗan jan ƙarfe, su gasa, ya fito da shuɗin fairuz sak. A ɗakunan da ke ƙarƙashin dalar Zosar an lulluɓe bango da irin wannan tayil kimanin 36,000. Ba don yaudara suka yi ba, kowa ya san abin da ake gasawa. Amma tun daga ranar fairuz da mai kama da shi suke tafiya tare, ba su sake rabuwa ba.

A zamanin Musulunci ido ya koma Naisabur. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta littafinsa na duwatsu masu daraja, al-Jamahir fi Ma'rifatil Jawahir, don Sarki Maudud na Gazna. Biruni bai tsaya ga abin da dillalai ke faɗa ba. Auna duwatsu ya riƙa yi yana gwada nauyinsu da na ruwan da suka ture, kuma har yau wannan awon yana cikin hanyoyin da masana ke bambance dutse da dutse. Bayansa Ahmad at-Tifashi, ɗan Arewacin Afirka da ya rasu a Alƙahira a 1253, ya yi nasa littafin, Azharul Afkar. Marubutan wancan zamani sun haɗu a kan cewa mafi kyawun fairuz shi ne na ramin da ake kira Abu Ishaƙi a Naisabur, mai shuɗi cikakke wanda ba ya juyawa. Mongol sun rushe birnin a 1221, suka yi kisan da tarihi bai manta ba, amma ramukan ba su mutu ba.

Daga Khurasan raƙuma suka ɗauke shi zuwa Bagadaza da Sham da Istambul, sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka jera shi a kuben takobi da linzami da sirdi. Turawa a kasuwannin Turkawa suke sayensa, sai suka laƙa masa sunan da ke nufin dutsen Turkiyya, alhali ta can kawai ya ratsa. Wannan shi ne kuskuren farko babba game da asalinsa, kuma ya zauna daram a harsunansu har yau. Wani Bafaranshe mai fataucin lu'ulu'u, Tavernier, wanda littafin tafiye-tafiyensa ya fito a 1676, ya ba da labarin cewa Farisawa sun kasa shi biyu, na tsohon rami da na sabon rami. Na tsohon rami sarki ya hana kowa taɓawa sai fada. Na sabon rami, mai fari-fari, shi ake sakar wa kasuwa.

Bayanin da ya fi shafarmu ya zo ne daga Houtum-Schindler, wanda gwamnatin Farisa ta ɗora a kan ma'adinan a 1882. Ya tarar mahaƙa suna da azuzuwa. Na farko angushtari, wato na zobe, mai launi tsayayye. Na ƙarshe kuwa suna ce masa arabi, kuma ga dalili: duwatsu ne koɗaɗɗu masu tabo da ba su da kasuwa a gida, sai wasu mahaƙa suka tafi da su aikin Hajji suka sayar da su da daraja a Makka, daga nan sunan ya bi su. Matafiyan wancan ƙarni sun kuma ba da labarin wata dabara: a zuba sabon dutse a tukunyar ƙasa mai laima a ajiye har ranar ciniki. Laimar tana riƙe shuɗin. Mai saye ya ƙulle kayansa yana murna, bayan 'yan makonni ya kwance ya tarar da abu fari-fari. Ya kamata mai sayen tsaraba a shagunan Makka da Madina ya san cewa kasuwar alhazai ta daɗe tana zama inda ake sauke abin da bai shiga ba a wani wuri. Ba kowane mai shago ne macuci ba, wani shi ma yadda aka sayar masa haka yake sayarwa. Har yau a Mashhad ake yanke na Naisabur ana goge shi, kuma na kirkinsa ko a can ba shi da araha.

Darajar na Farisa ta kai inda ake musanya zumurrudu da shi. Kambin da Sarkin Faransa Napoleon ya ba amaryarsa Marie-Louise a 1810 da zumurrudu aka yi shi. Kamfanin Van Cleef & Arpels ya saye shi a 1953, ya cire zumurrudun ya sayar ɗai-ɗai, ya maye gurbinsu da fairuz na Farisa guda 79. A haka yake yau a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Amma ƙubbobin masallatan Isfahan da Samarƙand masu shuɗin nan da ake gani a hoto ba dutsen ba ne, tayil ne gasasshe da aka ba launinsa.

Ƙasar Sin tana da nata tarihin daban. A 2002, a wani kabari a Erlitou da ke lardin Henan, an tono wani macijin almara da aka jera da ƙwayoyin fairuz sama da 2,000, mai shekara wajen 3,700. Mutanen Tibet kuma suna haɗa shi da murjani su yi abin wuya da adon kai. A yau kaso mai yawa na fairuz na gaske da ke yawo a kasuwannin duniya daga lardin Hubei yake fitowa, ko da an kira shi da wani suna.

Can ƙetaren teku, mutanen da ba su taɓa jin labarin Fir'auna ko Farisa ba su ma sun kamu da son dutsen nan. A kwarin Chaco da ke jihar Niyu Meziko ta Amurka, kakannin ƙabilun Fuwebulo sun gina manyan gidajen dutse tsakanin wajen 850 da 1150 Miladiyya. A wani ɗan ɗakin kabari guda a gidan da ake kira Pueblo Bonito, masu tono sun kwashe ƙwayoyin fairuz sama da 50,000 a 1896. A kudu kuma, a daular Aztek ta Meziko, masu sana'a suna fasa shi ƙanana su manna a jikin itace da ƙaro. Macijinsu mai kai biyu da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan yana ɗauke da ƙwayoyi wajen 2,000, kowace an goge ta an daidaita bakinta da na 'yar'uwarta, ba tare da kayan aikin ƙarfe ba.

Baƙon farko daga nahiyoyinmu da ya taka ƙasar Zuni, wasu Fuwebulo masu fairuz, ɗan Afirka ne. Sifaniyawa suna kiransa Estebaniko, bawa ne daga garin Azammur na Maroko. Yana cikin mutum huɗu kacal da suka tsira daga wani ayarin Sifaniyawa da ya halaka bayan ya sauka Fulorida a 1528, suka yi shekara takwas suna gararamba kafin su isa Meziko. A 1539 aka sa shi ja-gaba zuwa arewa neman biranen zinariya. Marubutan Sifaniya sun ce ya tara fairuz mai yawa a hanya, kuma a ƙofar garin Hawiku mutanen Zuni suka kashe shi. Zinariyar da aka je nema ba ta nan. Dukiyar mutanen wurin shuɗin dutse ce.

Abin da mutane da yawa ke ɗauka tsohuwar al'ada ce, wato fairuz a kan azurfa irin na ƙabilar Nabaho, bai kai shekara 150 ba sosai. Kafin nan huda dutsen suke yi su zura a zare. Wani mai suna Atsidi Sani ya koyi ƙira wurin wani maƙerin Meziko a tsakiyar ƙarni na 19. A 1864 sojan Amurka suka kora Nabaho a ƙasa, tafiyar ɗaruruwan kilomita, zuwa sansanin Bosque Redondo, inda dubbai suka mutu da yunwa da cuta. Bayan an sake su a 1868 suka dawo gida ba su da komai, ƙirar azurfa ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka tashi da su. Kuɗin azurfa na Amurka da na Meziko suke narkawa, yadda maƙeran farinmu suka riƙa narka tsofaffin sulalla. Wajen 1880 aka fara dasa fairuz a kan azurfar, ana danganta farawar ga wani maƙeri Atsidi Chon. Wani ɗan kasuwa, Lorenzo Hubbell, da ya ga dutsen gida bai isa ba, sai ya riƙa shigo da na Farisa yana ba maƙeran. Saboda haka akwai tsofaffin mundayen Nabaho na ainihi da dutsen Naisabur a kansu. Shi kuma jinjirin watan da ke reto a ƙasan shahararren abin wuyansu, daga adon linzamin dawakin Sifaniyawa suka ɗauko shi, masana da yawa kuma suna mayar da asalinsa ga Musulmin Andalus.

To, wanda ya bi wannan tarihi zai gane cewa tambayar "na ina ne?" ta fi "na gaske ne?" wuyar amsawa. Dillalai suna da alamominsu. Suna cewa na ramin Morenci yana da ɗigon ƙarfe mai ƙyalli, na Bisbee jijiyarsa ja-ja ce mai duhu, na Sleeping Beauty a Arizona shuɗi ne fes ba jijiya. Akwai gaskiya a ciki, amma rami guda yana iya fitar da launi goma, ramuka biyu a nahiyoyi biyu kuma su fitar da tagwaye. Kalmar "na Farisa" a bakin 'yan kasuwa ta daɗe da komawa sunan aji, duk shuɗi mai tsabta haka ake kiransa ko daga ina ya fito. Ramin Sleeping Beauty ya daina fitar da fairuz a 2012, farashi ya yi tsalle, kuma har gobe ana sayar da "sabon kaya" da sunansa. Ramin Lander Blue na Nebada, da aka gano a 1973, duk abin da ya bayar bai wuce kimanin kilo 50 ba, amma abin da aka sayar da sunansa ya ninka haka.

Ko masana sun sha faɗawa wannan rami. Shekara da shekaru littattafai suna koyar da cewa Aztek daga arewa, daga ƙasar Fuwebulo, suke sayo fairuz ɗinsu, har ana zana taswirar hanyoyin fataucin. A 2018 wata masaniya, Alyson Thibodeau, da abokan aikinta suka auna sinadaran dalma da sitirontiyom a ƙwayoyi 43, akasarinsu daga babban ɗakin bautar Aztek. Sakamakon bai dace da ma'adinan arewa ba, ya nuna dutsen na yankin Meziko ne. In ido ya yaudari malaman jami'a tsawon wannan lokaci, mai shago da ya kalli zobe ya ce "wannan ɗan Naisabur ne" zato kawai yake yi. Asalin dutse kamar hadisi yake, da isnadi ake karɓarsa: wa ya haƙo, wa ya yanke, wa ya sayar wa wa. In sarƙar ta yanke, abin da ya rage labari ne. Amurka ta kafa doka a 1990 da ta haramta sayar da kayan hannu da sunan 'yan asalin ƙasar in ba su suka yi ba, kuma a 2018 kotu ta ɗaure wani mai shago a Albukerki wata shida saboda sayar da kayan da aka ƙera a Filifin da sunan na Nabaho.

Ita tambayar "na gaske ne?" tana da sauƙi kaɗan, muddin an san cewa abin hawa-hawa ne. Akwai gangariya, wanda yanka da guga kawai aka yi masa, shi ne mafi ƙaranci kuma mafi tsada. Akwai na gaske amma mai taushi kamar alli, wanda ake ɗura wa danƙon roba don ya yi ƙarfi launinsa ya fito. A Arizona aka fara wannan a shekarun 1950, kuma mafi yawan abin da ke kasuwa yau irinsa ne. A ganina wannan ba algus ba ne in an faɗa wa mai saye, ya ma fi jure wahalar yau da kullum. Sai wanda aka ƙara wa rini. Sai garin dutse da aka kwaɓa da roba aka matse shi kamar bulo ana yanka. Sai wanda aka haɗa a masana'anta, irin wanda Pierre Gilson ya fitar a Faransa a 1972. A can ƙasa kuma akwai jabu tsantsa: roba, gilashi, da wasu fararen duwatsu biyu, haulait da magnesait, waɗanda Allah ya yi su da jijiyoyi irin na fairuz, suna kuma shan rini sosai. Su ne suka cika tiren masu tsakiya da carbi. Akwai ma duwatsun da ba jabu ba ne, kama ce kawai, irin amazonait mai kore-shuɗi da mutanen Sahara suka daɗe suna haƙowa a arewacin duwatsun Tibesti suna yin duwatsun wuya da shi.

Ga abin da mutum zai iya yi da kansa. Ya fara da farashi: carbi guda mai ƙwaya 99, duk shuɗi iri ɗaya, a kuɗin abincin rana, ba fairuz ba ne. Ya ɗora dutsen a kumatu, dutse yana da sanyi da nauyi, roba kuwa ɗumi gare ta ba ta da nauyi. In ƙwaya ce mai huda, ya leƙa cikin hudar da hasken waya. Rini a fata yake tsayawa, sai a ga bakin ramin shuɗi, cikinsa fari fat. Ya duba tsaga da jijiyoyi, a rinannen dutse launin ya fi taruwa a nan ya yi duhu. Ya shafa farce a kan jijiyar: a na gaske sau da yawa ana jin ɗan tudu ko kwari, a na bulo kuwa sumul take kamar zane, wani lokaci ma zanen iri ɗaya ne a kowace ƙwaya. Gilashi yana da ƙyalli fiye da kima, kuma madubin ƙara girma yana nuna 'yan kumfa a cikinsa.

In mai kaya ya yarda, a ɗiga ruwan goge jan farce a auduga a murza bayan dutsen. Audugar da ta yi shuɗi ta gama magana. A ma'aunin tauri na Mohs fairuz mai kyau yana tsakanin 5 da 6, kusan ɗaya da bakin wuƙa, haulait kuwa 3.5 ne, wuƙa tana kankare shi cikin sauƙi farin ya bayyana. Allura mai zafi tana narka roba ta tada wari, amma tana ɓata dutse, kada a yi ta a kan abin da ake so. Duk waɗannan suna kama jabu na ƙasa-ƙasa ne kawai. Akwai wani gyara da ake kira Zachery, da ya bayyana a ƙarshen shekarun 1980, wanda ko ƙwararre ba ya gane shi da ido, sai an kai ɗakin gwaji an auna yawan sinadarin fotasiyom. Dutse mai tsada sosai, takardar ɗakin gwaji ce shaidarsa.

Wanda kuma Allah ya ba na ainihi, ya sani yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, yana shan duk abin da ya taɓa shi. Zufa, man shafawa, sabulu, da turare musamman, su ne ke mayar da shuɗinsa kore a hankali. Mutanen da suna cewa dutsen yana sauya launi ne in mai shi ya kamu da ciwo ko masifa na tafe, alhali maiƙon jiki ne kawai. Mu da ba ma rabuwa da turare, sai a shafa a bari hannu ya bushe kafin a sa zobe, a kuma cire shi in za a yi wanki. Zoben da ya tsufa ya yi kore a yatsa bai lalace ba, sau da yawa ma wannan juyawar shaida ce cewa ba a ɗura masa roba ba.

Saboda haka in ka tsaya gaban mai zobba, a Kurmi ne ko a Madina, yi masa tambaya uku a rarrabe: dutsen mene ne, an yi masa wani gyara, daga hannun wa ya fito. In ya amsa, ka roƙe shi ya rubuta amsar a rasit. Wanda ya ƙi rubutawa, ka biya shi kuɗin azurfa da ladan ƙira kawai, kada ka biya kuɗin Naisabur.